Yini guda a Ada, daga tafkin gishiri zuwa bakin Volta

Duk wanda ya tashi a unguwar Nima ko Mamobi, a Akra babban birnin Gana, ya san sunan Ada tun yana ƙarami, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka garin ba. A kasuwa ake fara jinsa. In an aike ka sayen gishiri, ba mai laushin nan na cikin leda ba, mai tsakuwa wanda ake aunawa da gwangwanin awo na olonka, mai sayarwa za ta ce maka na Ada ne. Kankana ma in ta yi ja ta yi zaƙi, sai a ce daga Ada aka kawo ta. Garin kuwa ba nisa gare shi ba, kilomita 100 ne da 'yan kai gabas da Akra, daidai inda Kogin Volta ya ƙare tafiyarsa ya faɗa teku.

Kawu ne dalilin zuwanmu. Yayan mahaifiyata ne, an haife shi a tsohon garin Kete Krachi, wanda yau ruwan tafkin Volta ke kwance a kansa. Mahaifinsu fatauci ya yi, gishiri da goro, kuma gishirin nan daga Ada yake hawowa ta kogi. Kawu ya yi wasa a kan buhunansa yana yaro, ya zo ya tsufa a Akra, amma bai taɓa ganin inda ake kwaso shi ba. A wajen wani suna ya faɗi haka cikin hira, sai ƙanena mai tuƙa tasi ya ce, "Kawu, ai wannan ba abin da za a bari ba ne. Ku sa rana, ni zan kai ku." Ni kuma na ce ba za a tafi a bar ni ba. Aka sa wata Asabar cikin watan Janairu, hunturu na kan ganiyarsa.

Bayan sallar asuba muka tashi, da koko a fulas da ƙosai a takarda. Wanda ba shi da mota, tashar Tudu zai nufa, akwai motocin haya masu zuwa Ada. Mun bi babbar hanyar Tema, wadda aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah, muka kama hanyar Aflao. Daga Dawhenya gidaje suka fara raguwa, can gaba kuma sai fili fetal, ciyawa ta bushe ta yi ja, dogon yaro jefi-jefi, kuka tsaye ba ganye, ga shanu can nesa da Bafulatani a bayansu, sanda a kafaɗa. Kawu ya daɗe yana kallo ta taga, sannan ya ce in ba don ya san teku na nan hannun dama ba, da ya rantse hanyar Tamale muke. Wannan yanki na gabashin Akra yana cikin wuraren da ruwan sama ya fi ƙaranci a duk kudancin Gana. Ƙarancin ruwan nan da zafin rana da iska su ne jarin mutanen Ada, don da irin daminar Axim, garin yamma mai yawan ruwa, ake yi a nan, da gishiri bai taɓa kwanciya ba.

A Sege muka bar babbar hanya muka yi kudu, muna tambaya muna tafiya, har ƙasa ta fara yin fari-fari a gefen taya. Tafkin Songor ke nan. Faɗi ne da shi wanda ido ba ya kaiwa ƙarshensa, amma ba zurfi, kuma wani siririn tudun yashi ne kaɗai ya raba shi da teku. In rani ya yi, rana ta shanye ruwan, sai gishiri ya kwanta a ƙasa. Ranar nan hazon hunturu ya rufe sama, ƙasa ma fara, sai baƙin inuwar mutane ka ke gani a sunkuye can ciki. A bakin tafkin an tara tsibi-tsibi, wasu an rufe su da ciyawa, wasu da tamfol, ga buhuna an jera ana jiran manyan motoci.

Mata ne suka fi yawa a aikin. Mun tsaya wajen wata dattijuwa da ke wanke gishiri a baho, tana ɗauraye shi da ruwan tafkin don laka ta fita. Dangme, harshen mutanen Ada, take ji, ƙanena kuma ya iya harshen Ga tun daga makaranta, harsunan biyu 'yan uwan juna ne, inda magana ta maƙale sai su cike da Twi. Ƙafafunta na cikin safa biyu da takalmin roba, ta ce in ba haka ba gishirin yanka yake yi, kuma ciwon da ya sha ruwan gishiri ba ya saurin warkewa. Ta buɗe mini tafin hannunta na gani. Duk faso ne, fatar ta yi kauri ta yi fari. Tun kafin gari ya waye suke shiga, kafin rana ta take su fito, don hasken da ke tashi daga farin ƙasan nan cin ido yake yi. Na tambaye ta abin da ta fi tsoro a sana'ar, ta ɗaga kai ta nuna sama. Ruwa guda na bazata ya isa ya narkar da aikin makonni. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya." Da ƙanena ya mayar mata da maganar, ta ajiye bahon ta tafa hannu, ta ce wanda ya fara faɗin wannan lallai ya san gishiri.

Daga nan hira ta shiga inda take da nauyi. A labarin mutanen Ada, wani maharbi ne ya bi sawun dabbar da ya harba har ya iso tafkin, aka damƙa masa shi amana bisa sharuɗɗa. Abin da suka gada shi ne tafkin na kowa ne. In gishiri ya kwanta, masu kula da shi su buɗe, kowa ya shigo da kwandonsa, ɗan gari da baƙo, a biya ɗan abin da al'ada ta yanka. Da wannan mata suke ciyar da gida, su biya kuɗin makaranta, su yi wa 'ya'ya aure. Cikin shekarun 1970 aka ba kamfanoni hayar sassan tafkin, rigima ta tashi tsakaninsu da jama'a. Ranar 17 ga Mayu 1985, yayin wani samamen 'yan sanda, harsashi ya sami wata mata mai ciki, Maggie Kuwornu, ta rasu. Har yau sunanta bai bar bakin mutanen Songor ba. A 1992 gwamnatin Rawlings ta yi doka ta riƙe tafkin a matsayin amanar jama'ar Ada. Bayan haka kuma wata matsalar ta ɓullo daga cikin gida: masu hali suka riƙa yankar gefen tafkin, kowa ya haƙa nasa kududdufi ya shimfiɗa baƙar leda, ya jawo ruwan gishiri da inji. Atsiakpo suke kiran wannan. Dattijuwar ta ce ita kanta a irinsa take aiki yanzu, ana biyan ta da baho, a wurin da uwarta ta kwashi gishiri ba tare da neman izinin kowa ba. Sai kuma 2020, lokacin da aka ba wani kamfani na ɗan ƙasa hayar eka 41,000 na yankin har shekara 15.

Masu goyon bayan kamfanin suna da hujjarsu, na kuma sha jin ta a rediyo. Suna cewa tafkin ya lalace yana bukatar gyara mai tsada, suna cewa Najeriya na sayo gishiri daga Brazil alhali ga shi a maƙwabta, suna cewa matasa za su sami aikin albashi. Ban ƙi ko ɗaya ba. Amma na tsaya a gaban matar nan na ga hannunta, kuma a ganina duk lissafin da bai fara da ita ba, an fara shi daga tsakiya. Wanda aka ce an riƙe wa amana, ai shi ya kamata a fara tambaya. Gidan rediyon garin, Radio Ada, wanda ke watsa shirye-shirye da Dangme tun 1998, ya daɗe yana ba matan nan bakin magana, kuma ta ce ba ta yarda shirin gishiri ya wuce ta.

Kawu dai bai sa baki a wannan ba. Ya durƙusa ya ɗebi gishiri a tafin hannu, ya murza, ya ɗanɗana, ya ce shi ne, ko ɗacin ƙarshen nan bai canza ba. Nan ya zauna a kan wani buhu ya shiga ba mu labarin hanyar da mahaifinsu ya ba shi. Daga Ada ake loda kwalekwale, a yi ta tura shi da gora ana hawan kogi, ruwa na turo ka baya. In an iso wuraren duwatsu inda ruwa ke gudu, sai a sauke kaya a ɗauka a ka, a ja jirgin da igiya, a sake lodawa. Makonni ake yi kafin a kai Kete. Daga can gishirin ya wuce Salaga da Yendi da gaba. Fataken Kano da Sakkwato da suka zo Gwanja neman goro, da kanwa da fatu da tufafi a kan jakuna, su ne suka cika Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892, da yawansu suka gangaro Kete Krachi suka kafa zango, wasu suka wuce Kumasi, wasu Akra. "Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "gidanmu da wannan farin abin aka gina shi. Matan nan ba su san mu ba, mu ma ba mu san su ba, amma kakanninsu sun ciyar da namu."

Mun sayi buhu guda. Na tuna wa ƙanena cewa wannan ɗanye ne, ba a sa masa aidin ba, wanda tun 1996 doka ta wajabta a gishirin ci saboda maƙoƙo. Na gyaran kifi da nama ne, na miyar yara kuma a ci gaba da sayen na leda.

Kasseh ita ce mararrabar da ake karyawa a shiga Ada. Kasuwa ce babba, kankana tuli-tuli a bakin titi, tumatir da barkono a kwanduna. Wani mai tsire ya ji muna Hausa ya ɗago da murna, mutumin Tawa ne, ya nuna mana masallaci. Kawu ya ce tafiyar ta kai ta ƙasaru, muka yi azahar raka'a biyu muka wuce.

Big Ada ce mazaunin babban sarkinsu, a nan ake bikin Asafotufiami a makon farko na Agusta, ana harba bindigogin gargajiya don tunawa da yaƙe-yaƙen kakanni. Mu abin da ya tsayar da mu shi ne tarin ɓawon ƙumba a kusa da kogi, wani ya fi mutum tsawo. Ana ciro ƙumbar daga ƙasan Volta, a dafa, a ɓare, a soya naman a jera a tsinke. Adodi suke ce masa. Ɓawon ma kuɗi ne, ana niƙa shi a abincin kaji, ana ƙona shi a yi farar ƙasa. Ƙanena ya riƙe tsinke yana jujjuyawa, ya ce, "Kawu, wannan ya halatta kuwa?" Kawu ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne, ya karɓa ya yi bisimilla ya fara ci. Yana da ɗan tauri, da yaji ya fi daɗi. Mai sayarwar ta ce a wannan lokaci an rufe nutso, daga Disamba har zuwa Maris ba a ciro sabo, don a bar shi ya hayayyafa. Wanda muke ci daga gonar ruwa ya fito, wato ƙananan da aka kwaso tun da wuri aka zuba a wani keɓaɓɓen wuri cikin kogi har suka girma. Ta ce a zamanin iyayenta ƙumba na nan har can sama da Sogakope da nisa, mata ne ma ke nutso su ciro. Tun da aka datse kogin sai ta ja baya ta taru a ɗan yankin nan na kusa da teku, yanzu maza ne ke shiga da dogon tiyo a baki, inji na tura musu iska daga cikin kwalekwale.

Ada Foah kanta shiru gare ta. Kogi a hagu, teku a dama, kwakwa ko'ina, iska mai ɗanɗanon gishiri. Ana ganin tsofaffin gidajen 'yan kasuwa masu bene da barandar katako, wasu rufin ya rufta, ga tsohon cocin Presbyterian da maƙabartarsa. Kallo ɗaya za ka san garin ya taɓa riƙe kuɗi. A ƙarni na 19 manja da kwara daga ƙasashen cikin kogi nan suke sauka a loda su a jiragen Turawa. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928 da ta Tema a 1962, motoci kuma suka karɓe kayan da kogi ke ɗauka, sai ciniki ya tashi ya bar garin.

Akwai abin da ya riga manja, kuma ba zan tsallake shi ba. Turawan Denmak sun gina sansaninsu a nan a 1783, suka sa masa suna Kongensten, kafin su sayar wa Ingila da wurarensu na wannan gaɓa a 1850. Abin da ya kawo su har da cinikin bayi. Kogin da ya hau da gishiri shi ne ya sauko da mutane a ɗaure, kuma Salaga da muke ambata da alfahari babbar kasuwar bayi ce, fatakenmu na cikin masu saye da sayarwa. Na faɗi haka a gaban Kawu ina ɗan jin nauyi. Bai musa ba. Ya ce mahaifinsu ma bai taɓa ɓoye musu ba, ya ce Allah ya yafe wa na baya, ya jiƙan waɗanda aka tafi da su.

Mun nemi sansanin, aka nuna mana teku. Wani dattijo da ke gyaran koma a ƙarƙashin rumfa ya miƙa hannu can inda igiyar ruwa ke fashewa, ya ce ginin na wajen nan. Ya ƙara matsar da hannun kaɗan, ya ce gidan da aka haife shi kuma ga shi can, da titi a gabansa, da wasu layukan gidaje biyu kafin a kai bakin ruwa na wancan lokaci. Yana faɗa yana ci gaba da ɗinkinsa. A gefenmu ga dogayen jerin manyan duwatsu da gwamnati ta sa aka zuba, sun miƙe daga gaɓa zuwa cikin teku, don su tare yashi. Ya ce sun taimaka, inda suke ƙasa ta ɗan dawo, amma ƙauyuka irin Totope, da ke maƙale tsakanin teku da tafkin Songor, yashi ya riga ya binne musu gidaje har taga.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekaru aru-aru Volta na kwaso yashi da laka tun daga Burkina Faso yana zubarwa a nan, teku na ɗiba tana turawa gabas, kogi na mayar da gurbin abin da aka ɗiba. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, aka ƙara ta Kpong a 1982, yashin ya koma kwanciya a bayan madatsa. Teku ba ta daina ɗibarta ba, mai mayarwa ne ya daina zuwa. Ga kuma ruwan tekun kansa da ke ƙara hawa. Wannan magana ta tsaya mini a rai, don wutar da ke kunna firij ɗin da nake sayar da ƙanƙara da shi a Mamobi, wani kasonta daga Akosombo take zuwa. Ina biyan kuɗin wuta duk wata ina ƙorafin tsada, ban taɓa sa gidan dattijon nan cikin kuɗin ba.

Da la'asar ta kusa muka sauka bakin kogi neman kwalekwale mai inji. An yi ciniki, mai jirgin yana kukan tsadar mai, ƙanena yana kukan nasa. Ni dai na ce ba mai shiga sai an kawo rigar ruwa guda uku, aka aika yaro ya kawo. Duk mai zuwa ya nace a kan wannan, don bakin kogin nan ba wurin wasa ba ne, musamman in ruwan teku na janyewa.

A kan ruwa ne Ada ta nuna kyanta. Kogin ya buɗe ya yi faɗi, ya rarrabu tsakanin tsibirai, ruwan a kwance lumui. Itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a waje, sun yi duhu a gefe, fararen tsuntsaye sun sauka a kansu. Mai jirgin ya ce a cikin saiwoyin kifi da ƙaguwa da jatan lande ke haihuwa, kuma itacen ne mata suka fi so wajen banda, shi ya sa ake ta sara, har kasuwarsa ake ci a Anyanui, tsallaken kogi a ƙasar Ewe. Mun wuce Aflive, inda ake matse rake a dafa barasa, ba mu sauka ba. Mun wuce yara a ƙaramin kwalekwale su kaɗai, babbansu bai fi shekara goma ba, suna tuƙi ba ko tangaɗi. A gaɓar Ada Foah kuwa manyan gidajen hutu ne na masu kuɗin Akra, da ciyawa shar da jiragen gudu a ɗaure, kuma ba nisa da su ga bukkokin Azizanya na ganyen kwakwa, inda mai jirgin ya ce in teku ta cika ruwa har cikin ɗaki yake shiga.

Ya sauke mu a kan wani dogon harshen yashi. Taku kaɗan ne tsakanin ruwan biyu. Ta wannan gefe kogi shiru, ta wancan teku na ruri tana dukan gaɓa. A can ƙarshe inda suka haɗu ruwan tafasa yake yi, launi biyu na murɗa juna. Sai dai gefen tekun cike yake da shara, ledar fiya wata da robobi da silifas ɗai-ɗai. Igiyar ruwan gaɓar nan daga yamma take tafiya gabas, babban kwatamin Nima kuma cikin rafin Odaw yake zuba, Odaw ta zuba a tafkin Korle, Korle ta zuba a teku. Ƙanena ya tsaya ya dubi ledojin, ya ce, "Yaya, wasu daga ƙofar gidanmu suka taso."

Mai jirgin ya kira mu ya nuna mana wani faffaɗan sawu da ya fito daga ruwa ya hau yashi ya koma. Kunkurun teku ne ya fito cikin dare ya haƙa rami ya zuba ƙwai. Wannan ne lokacinsu, kuma iri uku ke zuwa gaɓar Ada, har da ƙaton nan mai baƙin baya wanda nauyinsa kan kai ɗaruruwan kilo. Doka ta hana kama su ko ɗibar ƙwan, ma'aikatan kula da namun daji na da ofis a garin suna sintiri da dare, baƙo ma na iya bin su ya gani in ya kwana. Saboda su da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai aka sa Songor cikin wuraren dausayi masu kariya na duniya a 1992, UNESCO kuma ta ƙara mata matsayi a 2011.

Kawu ya yi alwala a gefen kogi, muka bi shi sallar la'asar a kan yashi. Da ya sallame bai tashi ba. Ya zauna yana duban ruwan da ke gangarowa daga arewa, sannan ya fara magana, ba da ƙarfi ba. Ya ce yana saurayi aka zo aka shafa wa gidajensu lamba, aka ce ruwa na zuwa. Manya da yawa ba su yarda ba, don kogin na can ƙasa, garin na kan tudu. Sai ga shi yana hawowa a hankali, yau ya ci gona, gobe ya ci hanya. Mutum kusan 80,000 aka tasa a duk faɗin yankin, aka zuba su a sababbin garuruwa 52, a ƙananan gidaje masu ɗaki guda. Sun kwashe kwanon rufi da ƙofofi da tukwane. Masallaci da maƙabarta kuwa ba a ɗaukar su a ka.

"Uwata," ya ce, "ruwan nan da kike gani, ta kan kabarin mai sunanki ya biyo."

Ya ɗaga hannu, muka ɗaga tare da shi. Ya yi mata addu'a, ya yi wa mahaifinsu, ya yi wa duk wanda ke kwance a ƙarƙashin tafkin. Ya haɗa da dattijo mai koma da matar Songor, ya roƙa musu Allah ya tsare musu abin da ya rage. Mai jirgin ba Musulmi ba ne, amma ya cire hularsa ya tsaya har muka shafa. A hanyar komowa ya gaya mana cewa a Oktoban 2023, da aka buɗe ƙofofin Akosombo saboda tafkin ya cika, ruwa ya ci Mepe da garuruwan sama, nan tsibiran ma sai da ya shiga gidaje. Kawu ya tambaye shi ko ya taɓa tunanin tashi. Ya ce uwarsa ta ce ba inda za ta, shi kuma ba ya barin ta.

Mun ci banku da gasasshiyar karfasa da shito a wata rumfa a bakin kogi, muka sha ruwan kwakwa, muka kama hanya kafin duhu, don titin Aflao da dare manyan motoci ne ke iko da shi. Magariba a Kasseh, muka cika bayan mota da kankana ta rabon maƙwabta.

Mun wuce Sege ke nan Kawu ya dafa kafaɗar ƙanena ya tambaye shi man nawa mota za ta sha daga Akra zuwa Kete Krachi. Ƙanena ya ce tafiyar yini ce cur, sai an bi ta Dambai an jira babban jirgin fito ya tsallakar da mota Kogin Oti, kuma tasinsa ba za ta ji daɗin hanyar ba. Kawu ya ce to a nemi wadda za ta ji daɗi. Ya ce akwai masunta a sabon garin da suka san daidai inda tsohon zango yake a ƙarƙashin ruwa, suna iya kai mutum ya tsaya a kansa, kuma yana so mahaifiyata ta je, don tana ƙarama aka fito da ita. Kafin mu kai cunkoson Dawhenya an tsayar da magana a kan bayan ƙaramar Salla, an ɗora mini neman motar da kuma shawo kan Inna.